Karatun Kifi Ma Karatu Ne

  

A makon jiya wata baiwar Allah daga ƙasar Rogo ta aiko mana da wasiƙa. Ta ce 'yarta ta ci jarrabawa, jami'a ta ba ta gurbi, sai dai ba aikin likita ba kamar yadda aka so. Sashen nazarin kifi da halittun ruwa aka ba ta. Yarinya tana so, amma dangi sun sa ta a gaba da dariya, wai a tura mace har jami'a ta karanto kifi! Baffanta ma cewa ya yi gara ta haƙura ta zauna a gida. Uwar ta rufe wasiƙarta da cewa, "Hajiya, ki ba ni shawara, kaina ya ƙulle."

To, 'yar uwa, kafin shawara bari in ba ki labarin wata mata, don ki ji inda irin wannan karatu yake kai mutum.

Sunanta Mary Alice McWhinnie, Ba'amurkiya ce, an haife ta a 1922. A birnin Chicago ta yi karatu, a jami'ar DePaul, a nan kuma ta koyar. Chicago ba a bakin teku yake ba, a bakin wani babban tafki yake, mai ruwan daɗi irin namu. Ita ma da ƙananan halittun ruwan daɗi ta fara bincike, dangin jatan landen nan da muke dakawa mu zuba a miya.

A 1962 aka ɗauke ta a wani jirgin ruwa na bincike mai suna Eltanin, zuwa tekun da ya kewaye Antatika. Antatika kuwa ita ce can ƙarshen duniya ta kudu, ƙasa ce da ƙanƙara ta lulluɓe. Mu da hunturu yana kaɗawa sai mu nemi kaskon wuta, to can ruwan teku ne kansa yake daskarewa, har mutum ya taka a kai. A wancan zamani ana ganin wurin ba na mata ba ne. Ita da mataimakiyarta su ne matan Amurka na farko da suka yi aikin bincike a wannan teku.

Me ya kai ta? Wata 'yar halitta ce da ake kira kiril, mai kama da jatan lande, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Wani zai ce, a kan wannan za ki bar gida ki shiga ƙanƙara? Ashe raina kama ka ga gayya. Kiril yana cin wata irin gansakuka da ido ba ya gani, wadda take yawo a ruwa, take kuma tsirowa a ƙarƙashin ƙanƙara. Shi kuma kifaye suna cin sa, tsuntsayen fengwin suna cin sa, haka ma wel, dabbar ruwan nan mai shayar da 'ya'yanta nono, wadda babu dabbar da ta kai babbar cikinsu girma a duniya. Idan kiril ya ragu, duk waɗannan sun shiga yunwa.

Wannan mata ta so ta san yadda kiril yake ci, yadda yake girma, yadda yake hayayyafa, da yadda jikinsa yake jure sanyi. A 1974 aka naɗa ta shugabar masu bincike a sansanin McMurdo, ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a Antatika. A shekarar, ita da wata abokiyar aikinta, Mary Odile Cahoon, suka yi lokacin sanyi cur a sansanin, lokacin da rana take faɗuwa a yi wajen wata huɗu ba a gan ta ba. Daga baya ta koma sansanin Palmer, inda ta riƙa ajiye kiril da ransa a manyan tankuna na ruwan teku tana lura da shi dare da rana. Tana kan wannan aiki har ta rasu a 1980.

A wannan shekara ta 1980 ne ƙasashe suka sa hannu a wata yarjejeniya a Canberra ta ƙasar Ostireliya, don kare halittun tekun Antatika, saboda manyan jiragen su sun fara kwasar kiril. Yarjejeniyar ta fara aiki a 1982. Ba a iya ƙayyade yawan abin da za a kama sai an san rayuwar abin, kuma masu bincike irinta ne suka tara wannan sani.

Yanzu mu baro ƙanƙara mu dawo gida. Mu ba mu da teku, amma muna da madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. Ruwanta yana gangarawa ya haɗu da kogin Kano, ya zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya nufi Tafkin Chadi. Mace nawa ce a Ƙaraye da Rogo take ci da 'ya'yanta daga suyar kifi da banda? Gida nawa ne miyarsu ba ta daɗi sai da tarwaɗa ko karfasa?

Ƙa'idar da ke can tekun ƙanƙara ita ce a Challawa. Ɗan kifin da bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba, ƙananan halittun da ido ba ya gani yake ci. Babban kifi kuma ƙarami yake ci. Idan ruwan sama ya wanko maganin feshi daga gonaki, ƙananan nan ne suke fara mutuwa. Idan takin zamani ya yi yawa a ruwa, gansakuka ta yi kauri, in ta ruɓe sai ta shanye iskar da kifi yake shaƙa. Idan zaizayar ƙasa ta kwararo da laka, zurfin ruwa ya ragu. Idan aka yi su da gidan sauro ko koma mai ƙananan idanu, an kwashe kifin baɗi tun bai girma ba. Sai wata rana ki je bakin ruwa da kwanonki ki tarar kifi ya yi tsada, ba ki san dalili ba.

Masuntanmu suna da sani mai yawa, ba mu raina ba. Sarkin Ruwa ya san maɓoyar kifi, ya san lokacin da yake ƙwai. Amma auna iskar da ke cikin ruwa, da duba ɗigon ruwa a madubin ƙara girma, da rubuta abin da aka gani duk wata har shekara goma, wannan sai wanda ya karanta. A Jami'ar Bayero ana wannan karatu. A New Bussa ta Jihar Neja akwai cibiyar ƙasa ta binciken kifin ruwan daɗi, a Legas kuma akwai ta binciken teku. Ga kiwon kifi da ya zama sana'a, har a cikin gida ana yi. Kuma idan 'yarmu ce ta karanta, ita ce za ta shiga har tsakar gida ta zauna da mai banda su yi magana mace da mace, inda baƙo namiji ba zai shiga ba.

Saboda haka, 'yar uwa ta Rogo, shawarata ita ce ki bar ta ta tafi. Kada ki yi jayayya da baffanta a gaban mutane. Ki samu maigida a natse, ki nemi wani babba da baffan yake jin nauyinsa, a fahimtar da shi cikin ladabi. Ku je ku ga inda za ta zauna, ku san ƙawayenta, ku bi ta da addu'a. Aure kuma lokaci ne, in ya zo ba ya hana karatu, in an dace da mai fahimta.

Ke kuma 'yata, in kina saurare, wannan karatu yana son haƙuri. Za ki shiga kwalekwale, za ki taɓa laka, za ki ƙirga abin da wasu suke ƙyama. Ki riƙe mutuncinki, ki riƙe sallarki, ki rubuta gaskiyar abin da kika gani. Da yayyafi kogi kan cika.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana da wasiƙa kamar kullum. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.