Kafin Mu Ɗaure wa Yaro Akwati

Iyayenmu, shugabanninmu, 'yan uwa mata na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, barkanmu da zagayowar wannan rana.

Mu da muka koyi baƙi da wasali a ajin yaƙi da jahilci da goyo a baya, yau ga 'ya'yanmu na neman tafiya jami'a a ƙasar waje. Alhamdu lillahi. Tun da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, uwaye da yawa gani suke ko'ina ya fi nan kwanciyar hankali. Ba mu ga laifinsu ba. To amma fa mu 'yan kasuwa ne, ba ma sarin kaya sai da lissafi.

Na farko, kuɗi. A farkon 2023 dala a banki ba ta kai naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. Mun ga wadda ta ci rancen ƙungiya da lissafin shekara guda, ta sayar da tumakinta, yaron ya dawo ba takarda, ga bashi. Karatun likita shekara shida ne. A lissafa shidan duka, har haya da abinci da kuɗin mota.

Na biyu, takarda. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Kada mu tsaya ga daɗin bakin dillali. A je ma'aikatar ilimi a tambaya: an san makarantar nan?

Na uku, hanyar dawowa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, a motoci aka kwaso 'ya'yan mutane zuwa iyakar Masar. Maraɗi ma da ke nan kusa, bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar Jibiya wata da watanni.

Ba cewa muke kada a tafi ba. Wanda ya samu tallafin gwamnati, ko gidansu na da hali, Allah ya kai shi lafiya. Wanda bai samu ba, ga Dutsin-Ma, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Zariya.

Roƙonmu ɗaya: duk mai neman rance don wannan tafiya, ta zauna da maigida da yaron, su rubuta lissafin har ƙarshe, ta kawo taro. Ai yanzu mun iya karatu, mu duba da idonmu.

Allah ya raya mana zuri'a.