Gogaggen Malami da Neman Ƙarin Shaidar Ƙwarewa: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara-shekara na Tsofaffin Ɗalibai

 

 Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar yin tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi da yawa daga cikinmu, domin kuwa a kowane aji da ya fita daga wannan makaranta akwai waɗanda suka riƙi alli, har yau kuma ba su ajiye shi ba. Maganata ita ce: malamin da ya shekara 15 ko 20 a aji, yana da takardunsa cif, ba wanda ya tilasta masa, me zai sa ya sake neman wata shaida ta ƙwarewa?

Da farko ya kamata mu bambance shaidar dole da ta ganin dama. A ƙasar nan, NCE ita ce mafi ƙanƙantar takardar da aka yarda mutum ya shiga aji da ita, bayan an daina karɓar takardar malanta mai daraja ta biyu wadda iyayenmu da yawa suka fara aiki da ita. Haka kuma doka ta 31 ta shekarar 1993 ta kafa Hukumar Rajistar Malamai, wato TRCN, wadda daga 2017 ta fara yi wa masu neman rajista jarrabawa. Duk waɗannan suna auna mafi ƙarancin abin da ake bukata ne. Mun ga yadda irin wannan awo yake da zafi a Jihar Kaduna a 2017, lokacin da aka ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar da aka yi musu. Irin wannan awo yana nuna wanda bai kai ba, amma ba ya nuna wanda ya yi zarra.

Akwai ƙasashen da suka yi tanadi domin wanda ya yi zarra ɗin. A Amurka, bayan rahoton da Gidauniyar Carnegie ta fitar a 1986, an kafa wata hukuma mai zaman kanta a 1987, wadda ake kira NBPTS, domin ba gogaggun malamai shaida ta musamman. Ba a tilasta wa kowa. Malamin da ya ga dama zai biya kimanin dala 2,000, sannan ya gabatar da abubuwa huɗu. Zai zauna jarrabawa a kan darasin da yake koyarwa. Zai kawo ayyukan ɗalibansa, ya bayyana yadda ya bi da mai saurin fahimta da wanda ke baya. Zai ɗauki hoton bidiyo na kansa yana koyarwa a ajinsa, ya rubuta dalilin kowane mataki da ya ɗauka. Daga ƙarshe zai nuna yadda yake amfani da sakamakon gwaji, da yadda yake hulɗa da iyaye da abokan aiki. Malamai 'yan'uwansa na fanni ɗaya su ne masu dubawa, kuma shaidar shekara 5 take yi, sai an sabunta ta. Wasu jihohi suna ba da lada a kai. Karolina ta Arewa, alal misali, tana ƙara kashi 12 cikin 100 a kan albashin wanda ya samu.

Abin lura a nan shi ne, aikin aji kansa ake aunawa. Mu kuwa a nan, hanyar ɗaukaka ga malami kusan ɗaya ce: a cire shi daga aji a kai shi ofis. Wanda ya fi kowa iya koyar da lissafi sai ya zama mataimakin shugaba, ko a mai da shi ma'aikata yana tura fayil, yara kuma a bar su da sabon hannu. Daɗin daɗawa, dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Ke nan mutum zai iya shafe shekara 40 yana koyarwa da abin da ya koya yana saurayi, alhali manhaja ta sake, littattafai sun sake, yaran ma ba irin na da ba ne.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Albashi bai isa cefane ba, balle kuɗin makaranta. Ga iyali, ga aji mai yara 80 ko fiye, ga takardun da za a duba da dare. Sannan babu tabbacin cewa takardar za ta kawo ƙarin girma. Amsata ita ce, ribar farko a aji take fitowa. Malamin da aka sa ya zauna ya rubuta dalilin da ya sa ya fara da wannan misali ya bar wancan, ko ya kalli kansa yana yi wa yara biyar na gaba tambaya ya manta da na baya, ba zai koma aji yadda ya fito ba. Gemu dai ba ya hana ilimi.

Ƙofofin da muke da su a buɗe suke. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, tana ba da babbar difloma ta ilimi ta hanyar karatu daga nesa, malami yana bakin aikinsa. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero suna da digiri na biyu a fannonin koyarwa. Shawarata ga mai niyya ita ce ya zaɓi kwas ɗin da ya danganci darasin da yake koyarwa, kuma ya ɗauki matsalar ajinsa ta zama batun bincikensa. Takardar da aka nema don a tsere wa aji ba ta amfani yaran kowa.

Ga ƙungiyarmu kuma ina da roƙo biyu. Na ɗaya, kamar yadda muke tara kuɗi don gyaran rufi da sayen kujeru, mu ware wani kaso mu biya wa malamai biyu na wannan makaranta kuɗin ƙarin karatu duk shekara, da sharaɗin za su dawo su koyar na wasu shekaru. Na biyu, mu roƙi iyayenmu malamai da suka yi ritaya su kafa ɗan kwamiti da zai riƙa shiga ajin duk malamin da ya nema da kansa, su duba littattafan yara, su kalli darasi, su ba da shawara a asirce. Wayar salula ta isa a ɗauki darasi, kuma wannan ba ya bukatar wani kuɗi mai yawa. Ina fatan za a sa waɗannan cikin abubuwan da za a tattauna kafin mu tashi.