Doki Da Zango: Jawabi A Taron Shekara-Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai



Ƙasarmu ta Haɗeja ta yi suna wajen dawaki, saboda haka da doki zan yi maku magana yau. Kafin jirgin ƙasa ya ratso ta Malam Madori ya kai Nguru a 1930, saƙon gaggawa a bayan doki yake tafiya. Manzon sarki zai rataya wasiƙa mai hatimi, ya nufi Kano, tafiyar da ta haura kilomita 170. Doki ɗaya, in ba kashe shi za a yi ba, bai cika wuce kilomita 40 zuwa 50 a yini ba. Kwana huɗu ke nan, da damina kuwa, in fadama ta cika, sai abin da Allah ya yi.

To, mutanen daular Rum ta dā sun fuskanci wannan matsala, sai sarkinsu Agustas ya kafa zango-zango a kan manyan hanyoyi, kowane zango da hutattun dawaki da masu kiwonsu. Da haka manzonsu yake cin kimanin kilomita 75 kullum, ko da zai yi wata yana tafe. An ruwaito cewa a shekara ta 9 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Tibariyas ya ci kusan kilomita 300 a yini ɗaya da dare ɗaya, yana canjin dawaki, don ya riski ƙanensa da ke jinya a Jamus. Dokinsu bai fi namu gudu ba. Tanadin da ke jiran manzo a gaba shi ne ya kawo bambancin.

'Yan'uwa, wannan ƙungiya mutum uku ko huɗu ke ɗauke da ita, su ne masu kai takarda, su ne masu bin kuɗin shekara. Doki ɗaya muke ta sukuwa a kai, kuma ya fara haki. In ya faɗi, ƙannenmu da ke jiran kujeru da littattafai su ne za su kwana a hanya.

Roƙona shi ne kowane aji ya fitar da wakili ɗaya kafin mu tashi, a Kaugama, Haɗeja, Dutse da Kano, wanda saƙo ba zai kwana a hannunsa ba.