Platoon: Rikicin Cikin Gida a Dajin Biyetnam

Duk wanda ya kalli Platoon, fim ɗin 1986, ya san rikicin da ya fi zafi a cikinsa tsakanin sojojin Amurka ne su ya su. Saje biyu suka raba kan dakarun: Barnes mai tabo a fuska, wanda ya bindige wata mata a ƙauye ba gaira ba dalili, da Elias da ya taka masa birki. Da maganar ta doshi kotun soja, sai Barnes ya ritsa Elias a daji ya ɗirka masa harsashi. Daraktan, Oliver Stone, shi kansa ya yi yaƙin Biyetnam, shi ya sa babu kurin jarumtaka a ciki. Kyautar Oscar huɗu fim ɗin ya lashe, kuma ya cancanta.