Dodon Wasa da Dodon Tsafi: Wane Suna Masu Yi Suke Ba Abinsu?

Jawabi ga taron dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, yankin Funtuwa da Malumfashi

   

Maganar da aka ba mu, wani zai ce ba ta kai a tara dattawa a kanta ba. Amma ta sha kawo saɓani a majalisar dattawa. Yaro ya shafa toka a fuska, ya manna gemun auduga, ya bi abokansa Musulmi tashe. Matasa sun yi shigar Shaiɗan ko ta sojojin Hirudus a wasan kwaikwayon Kirsimeti har ƙananan yara suka fashe da kuka. Yanzu kuma ga wayar hannu tana nuna wa 'ya'yanmu gidajen Amurka cike da ƙwarangwal da kaburburan ƙarya. Wani dattijo ya ce a sa yaran ƙarƙashin horo, wani ya ce ai wasa ne. Kafin mu yanke wa kowa hukunci, ya kamata mu fara jin sunan da masu yin abin suke ba shi da bakinsu, sa'an nan mu gwada mu gani ko sunan ya dace da aikin.

1. Mutum-mutumi da gunki

Bari mu fara daga gona, tun da yawancinmu manoma ne. Idan dawa ko shinkafa ta fara ido, tsuntsaye sun dame ka, sai ka kafa sanda, ka gicciya wata, ka sa mata tsohuwar riga da malafa. Wannan mutum-mutumi ne. An yi shi domin ya ba da tsoro, kuma ba mu taɓa jin ikilisiyar da ta hori manomi saboda shi ba. Amma da icen nan da tsumman nan, wani zai kafa a gindin tsamiya, ya yanka masa jan zakara, ya zuba masa giya, ya roƙe shi damina. Wannan ya zama gunki. Kaya iri ɗaya, siffa kusan ɗaya. Abin da ya raba su shi ne niyyar mai kafawa da abin da yake yi a gabansa. Ku riƙe wannan misali, da shi za mu auna sauran.

2. Abin da 'yan tashe suke cewa

Tashe wasa ne na maƙwabtanmu Musulmi, ana fara shi idan azumin watan Ramadan ya kwana 10. Sunan daga tashi ya fito, wato tashin mutane su ci abincin asuba. Bayan an sha ruwa, yara maza da mata sukan bi gida-gida da gwangwani a madadin ganga. Wani ya zama tsoho mai gemu, wani ya cusa tsumma a ciki, wani ya shafe jiki da gawayi har uwarsa ba za ta gane shi ba, wani ya kwaikwayi mai tallar magani kamar yadda ake yi a wasan Jatau. A Kano akwai Nalako, shugaban gwagware, wanda ake yin tashen gwauro a ƙarƙashinsa.

In ka tambayi masu yi, amsa uku za ka ji. Yara za su ce wasa ne, kuma ana samun ɗan kuɗi ko hatsi. Manya za su ce al'ada ce ta iyaye da kakanni. Masana kuma za su ce hannunka mai sanda ne, domin kusan kowane wasa akwai wanda ake yi wa gugar zana: malamin da ya zubar da girmansa, tsohon da bai san ya tsufa ba, namijin da ya kasa riƙe aure. Ba za ka ji ɗan tashe ya ce sujada yake yi ba, malamansu ma ba su lissafa shi cikin ibadar azumi ba. Kowa ya san ɗan gidan wane ne a cikin tsumman, da an gama kuma ya wanke fuska ya je ya kwanta.

Fatake Hausawa sun kai irin wannan wasa har Wagadugu ta ƙasar Burkina Faso a ƙarni na 19. A can sunansa Dodo, yara ne suke yinsa cikin azumi da fuskokin namun daji da suka haɗa da hannunsu, daga baya har ya zama abin gasa tsakanin unguwanni.

3. Abin da mutanen Amurka suke cewa

Bikin da 'ya'yanmu suke gani a waya sunansa Halowin, ana yinsa daren 31 ga Oktoba. Ma'anar sunan ita ce jajiberen ranar tunawa da dukan tsarkaka, wadda ikilisiyar Yamma ta daɗe tana kiyayewa ranar 1 ga Nuwamba. A ƙasar Ayalan ranar ta zo daidai da tsohon bikinsu na ƙarshen kaka, lokacin da suke ganin matattu da iskoki sukan kusanci masu rai. Yunwar da ta fara a Ayalan a 1845 ta kori mutane masu ɗimbin yawa zuwa Amurka, suka tafi da al'adunsu. A can ne kabewa ta zama alamar bikin: a fafe ta, a yanka mata ido da baki, a kunna kyandir a ciki. Mu tuna kuma cewa a wannan rana ta 31 ga Oktoba, a 1517, Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 a Jamus, shi ya sa ikilisiyoyi da yawa suke tunawa da ita a matsayin ranar Gyaran Ikilisiya.

Masu ƙawata gidaje da kayan ban tsoro a Amurka sun kasa kansu kashi-kashi. Akwai mai ƙawata ƙofar gida kawai, masu wucewa su kalla. Akwai wanda yake mai da garejinsa lungu-lungu mai duhu, maƙwabta su bi ta ciki kyauta, a razana su, su fito suna dariya. Akwai kuma 'yan kasuwa masu karɓar kuɗin shiga. Na farko da na biyu sukan ce abin sha'awa ne na aikin hannu: sassaƙa, fenti, ɗinki, haɗa wutar lantarki da ƙananan injuna masu motsa mutum-mutumi. Wasu sukan shafe watanni suna shiri domin dare ɗaya. Wasu sun ce hidima ce ga unguwa, har sukan roƙi masu kallo su kawo abincin gwangwani a kai wa matalauta. A tsakaninsu ma akwai gardama: wasu ba su yarda da nuna jini da yankan jiki ba saboda yara, wasu sun ce in babu wannan ai babu tsoro.

Akwai kuma wanda bai cika faɗin sunan da yake ba abin ba, wato mai sayar da kaya. A 1969 kamfanin Disney ya buɗe gidan fatalwa a wurin shaƙatawarsa na Kalifoniya, abin ya ƙara karɓuwa. A 2020 kamfanin Home Depot ya fito da ƙwarangwal na roba mai tsawon ƙafa 12, mutane suka yi ta rububinsa. A 2023 ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ta ƙiyasta za a kashe dala biliyan 12 da 'yan kai a kan bikin. Ga waɗannan, tsoro haja ce.

Masu bi na can ba su zama baki ɗaya ba. Wasu sun ƙaurace wa bikin sam, wasu sun musanya shi da bikin kaka a harabar majami'a, wasu suna barin yaransu su yi shiga su karɓi alewa.

4. Dodon da ba a ce masa wasa

Mu a nan muna da abin da yawancin Amurkawa ba su da shi: mun san ɗaya dodon ido da ido. Da yawa daga cikinmu iyayenmu ko kakanninmu Maguzawa ne. Mun san kan gida, mun san uwar gona, mun san jinin kaza da na akuya da ake zubar wa iskoki, mun san girka da hawan bori. A Kudancin Kaduna da Filato an yi dodon da ake ɓoye asirinsa ga mata da yara, a canja murya cikin dare, a ce na lahira ne suka zo, a ci mace tara ko a tsorata ta ta yi biyayya. Masu wannan ba su taɓa kiransa wasa ba, wanda ya tona asirin ma yana cikin hatsari. Har harshenmu ya riƙe shaida, domin in mutum biyu manufarsu ɗaya ce sai a ce dodo ɗaya suke yi wa tsafi.

Saboda haka idan dattijon da ya ƙone kayan tsafinsa da hannunsa ya ga jikansa da rufaffiyar fuska, gabansa ya faɗi, kada matasa su ce masa baƙauye. Ya san abin da ya baro, ya san kuma abin da barinsa ya ja masa a cikin dangi.

5. Suna kaɗai bai isa ba

Mun ji sunaye: wasa, al'ada, gargaɗi, aikin hannu, hidima, kasuwa. Daidai ne mu saurari mai abu, domin hukunta mutum a kan niyyar da ba tasa ba zalunci ne. Amma Hausawa sun ce wasa farin girki. Ga tambayoyi huɗu da muke ba dattawa shawara su yi kafin su yanke magana.

Ta farko, an san wanda yake ciki? In kowa ya san Bitrus ne ɗan gidan wane, mutum-mutumi ne. In ana rantsar da mutane kada su faɗa, ana cewa ba mutum ba ne, an shiga gonar gunki.

Ta biyu, me ake ba shi, me ake roƙonsa? Naira hamsin ko tsabar masara tukuici ne. Jini, giyar zubawa a ƙasa, laya, ko neman tsari da sa'a, wannan sujada ce ga wanin Allah, ko da an ce da wasa aka yi. A nan babu sassauci.

Ta uku, wa tsoron ya ci? Tsoron da ya ƙare da dariya daban yake da wanda ya hana yaro barci, ko ya wulakanta gurgu, mai taɓin hankali, gwauruwa ko wata ƙabila. Duk wasan da mai rauni ne abin dariyarsa bai dace da ɗan ikilisiya ba.

Ta huɗu, wa zai yi tuntuɓe? Manzo Bulus ya fuskanci irin wannan a Koranti a kan naman da aka miƙa wa gumaka. Ku karanta 1 Korantiyawa sura 8 da 10, da Romawa sura 14. Ya yarda gunki ba shi da iko, duk da haka ya ɗora wa mai sani nauyin lura da ɗan'uwansa wanda bai daɗe da fitowa daga bautar gumaka ba, ya kuma hana wanda ya ƙaurace ya riƙa hukunta wanda bai ƙaurace ba. Gargaɗin ya shafi ɓangarorin biyu.

6. Halin da muke ciki

Akwai abin da kakanninmu ba su lissafa ba. A Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma duk mun san abin da ƙauyukan Faskari da kewaye suka sha. A wurin da mutane suke kwana da kunne ɗaya a buɗe, rufaffiyar fuska cikin dare tana iya jawo harbin 'yan sintiri kafin a tambayi ɗan wane ne. A Kano ma 'yan sanda sun hana tashe a azumin 2025, domin ɓata-gari suna fakewa da shi su yi ƙwacen waya. In kiɗa ya canja, dole rawa ta canja.

7. Shawarwari

Kada yaronmu ya fita da rufaffiyar fuska bayan faɗuwar rana, ko da wane dalili.

Idan 'yan tashe suka zo ƙofarmu, mu amsa musu da fara'a, mu ba su abin da ya sawwaƙa. 'Ya'yan maƙwabta ne, iyayensu suna aiko mana da naman Sallah, mu ma muna aika musu da shinkafar Kirsimeti. Batun ko yaronmu zai bi su, iyaye su duba irin wasan da irin abokan, kada a mai da shi maganar horon ikilisiya sai in an sami tsafi a ciki.

Shugabannin matasa su nuna wa fasto ko dattijo wasan Kirsimeti da na Ista kafin ranar. Kada shigar Shaiɗan ta fi saƙon ɗaukar hankali, har yara su koma gida suna tuna ƙahoni sun manta da komin dabbobi. Bayan wasa, 'yan wasan su buɗe fuska a gaban jama'a, ƙananan yara su ga ashe yayansu ne.

Yaron da ya iya haɗa fuska da kwali da kara da auduga yana da baiwa a hannunsa. Kada mu kashe ta da tsawa. A ba shi aikin ƙawata majami'a ranar baikon godiya, a ba shi kayan koyarwa na makarantar Lahadi, a haɗa shi da kafinta ko tela.

A ƙarshe, iyayenmu dattawa, ku zauna da jikokinku ku gaya musu abin da kuka gani a gidan tsafi da yadda Ubangiji ya fisshe ku. Yaron da ya ji wannan daga bakin kakansa zai iya raba mutum-mutumi da gunki ko ba kwa nan.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare ƙauyukanmu da 'ya'yanmu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.