Wa Ke Riƙe Da Sunan Ofishinku?

Kowane suna a intanet yana da kwamfutocin da aka wakilta su riƙa faɗin adireshinsa, su ne sabobin suna. Paul Mockapetris ne ya shimfiɗa wannan tsari a 1983. Mai son sanin na Wikipedia, alal misali, sai ya rubuta umarnin dig NS wikipedia.org, sunaye uku su fito: ns0, ns1 da ns2, duk na wikimedia.org. Amma kwamfutar kusa takan ba da kwantan amsa. Ku ƙara +trace, tambaya ta faro daga tushe, ta gangaro ta .org. Ku kuwa ma'aikata, ku duba na ofisoshinku. In sabar ɗan kwangilar da kuka rabu da shi ce ta fito, yana da ikon karkatar da wasiƙunku inda ya ga dama.