Jawabi A Kan Sabon Bandejin Gyambo

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun: Tun 1962 wani masanin Ingila, George Winter, ya nuna cewa rauni ya fi saurin warkewa in an rufe shi da danshi. Yanzu kuwa masana suna gwada bandeji mai laushi kamar jiƙaƙƙen ƙaro, ɗauke da burbushin azurfa da ido ba ya gani. In ƙwayoyin cuta suka yawaita, ruwan gyambon yakan sauya, sai bandejin ya saki azurfar ta kashe su.

Kafin ya wadata, ku gargaɗi iyalanku na Sabon Layi, Mubi: kada a zuba wa gyambo toka ko baƙin mai. A wanke, a rufe, a nufi Babban Asibitin Mubi. Allah ya ba mu lafiya, amin.